Baba Halidu Maɗori da Ƙashin Rijiyarmu

Da safiyar Talata, shida ga Rajab, shekara ta 1363, na fito da sungumi za ni shuka, sai na iske Baba Halidu maɗori zaune bakin rijiyar ƙauyenmu da ke gabas da Deule. Wata uku ke nan bai taka ƙofar gida ba. Burgaminsa, jakarsa ta fatar akuya, na bisa cinya, yana shan ruwa cikin ƙoƙo sannu sannu. Kafin la'asar ɗin wannan rana Mai shi ya karɓi abinsa. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Baba, ni ne Surajo mai ginar rijiya. Mutane da yawa za su ba da labarin ƙafar da ka ɗora musu. Daga Bangi an zo maka bisa jaki, daga Sabon Gida an zo maka bisa amalanke, ba ka taɓa tambayar ɗan wane ne ba sai ka gama ɗaure kara. Ni ban taɓa karyewa ba. Abin da ka ɗora mini daban ne.

Kowa ya san halinka da ƙashi. Maharbi in ya kashe nama, wasu tsoka suke roƙo, kai ƙashi. Na tuna ranar da anka kawo maka na dabgi, ka jera shi bisa tabarma tun daga hanci har wutsiya. Ka nuna mini bakinsa babu haƙoran gaba, ka ce mai cin gara ba shi da abin cizo. Ka sa yatsana bisa ƙashin hannunsa, gajere, mai kauri, da tudun da jijiya ke kamawa, ka ce ko ban taɓa ganinsa yana fasa suri ba, wannan ya isa ya gaya mini. Wani soja da ya dawo daga kudu ya ce can akwai wata dabba mai ɓawo, ita ma gara take lasa, ƙila danginsa ce. Ka ce ƙila, amma hannunka bai taɓa ƙashinta ba, ba ka shaida.

A bazarar shekara shida da ta wuce ƙauyenmu ba shi da rijiya. Mata kan fita tun asuba zuwa fadama, su dawo da hantsi da tulu guda. Wata biyu na yi ina gina, har gaba goma sha huɗu. Ƙasa ta fara sanyi a tafin ƙafata, sai dagi ya bugi wani abu. Gaɓoɓin ƙashin baya ne guda uku a jere, baƙaƙe, masu nauyi.

Liman Inuwa ya ce in kabarin mutum ne, ba a shan ruwa bisa mamaci, a mayar da ƙasa. Tabawa, tsohuwar da kakanninta ke yanka a gindin dutse, ta ce gidan iskoki na fasa, a mayar da ƙasa. Tunda nike ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ran nan. Maigari ya ce da wayewar gari a cike ramin.

Ka zo da burgaminka, ba ka yi gardama da kowa ba. Ka ƙwanƙwasa ƙashin da gindin wuƙa, ya yi ƙara irin ta dutse. Ka fito da na rago, na raƙumi, na dabgi, ka aza kowane kusa da shi, babu wanda ya dace. Liman ya ce ai ba ka kawo na mutum ba.

"Ga shi nan tsaye," in ji ka. "Surajo, tuɓe riga ka duƙa. Wanga ba shi da tsoka, Malam, ƙashinai duk waje yake. Taɓa ka ji."

Mutane sunka yi dariya. Ka kama hannun Liman ka bi da shi gadon bayana gaɓa gaɓa, sannan ka aza masa na dutsen a tafin hannu. Guda ɗaya ya cika shi, ƙayarsa ta fi yatsa tsawo.

Ba ka tsaya nan ba. Ka sa na koma ƙasa na kwaso duk yumɓun da ke kewaye da wurin, ka zauna da rariya kana tankaɗewa har azahar. Sai ga haƙori mai tsini kamar ƙahon ɗan akuya, ga ƙananan katantanwa da sunka zama dutse. Ka ce irin haƙorin nan ka taɓa gani a bakin kada, can gulbin Sakkwato.

"To, kada ne?" in ji Liman.

"Ban sani ba, Malam. Ba mutum ba ne, wanga na sani. Cikin ruwa ya zauna, kuma ya daɗe ƙwarai." Ka juya wajen Tabawa. "Ke kuma, in gidan mutanenki ne, sun tashi tuntuni. Ko tukunya ba su bari ba."

Tabawa ta ce ka ji da bakinka, tsohon banza, amma tana murmushi. Maigari ya ce a ci gaba. Kwana tara bayan nan ruwa ya ɓullo, kuma bai taɓa ƙafewa ba.

Shi ya sa da na gan ka ran Talata na ajiye sungumi na tsuguna. Ka miƙo mini burgamin, da na dabgi da na dutsen duk a ciki. Ka ce, "Kai ka shiga ƙasa kullum, wurinka ya kamata su zauna. In ka iske wani, kada ka yi saurin ba shi suna." Ka shanye ruwanka, ka ce ya yi daɗi. Da ruwan wannan rijiya munka yi maka wanka.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa duk wanda ya taka ƙasa da ƙafar da ka ɗora, da duk wanda ya sha daga wannan rijiya, ya zama lada gare ka. Ina yi wa Iya Furera gaisuwa, da Isufu da Zaliha da sauran dangi. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa albarka a bayansa.

Abin da na faɗa na safiyar nan ba ni kaɗai na gani ba. Isufu na nan, shi ya kawo Baba bisa jaki. Liman Inuwa na nan, ya tsaya sunka gaisa. Tabawa ma na nan, ita ta ja gugan da ya sha.