Tsaga Uku a Karan Baba Nomau

Duk wanda ya san kakana Baba Nomau a Gummi, kafin ya tuna fuskarsa sai ya tuna karansa. Karan dawa ne dogo, ya ɗan ɗara shi tsawo, an bi shi da tsage-tsagen wuƙa daga sama har ƙasa. Sauran tsofaffi sanda suke riƙewa don su dogara. Shi kuwa bai taɓa dogara nasa ba, awo yake yi da shi. Ko masallaci zai je yana hannunsa, sai dai ya jingine shi wajen takalma. Kowace kaka in an girbe dawa, sai ya zaɓi sabon kara, ya zauna a zaure ya kwafe tsagogin tsohon ɗaya bayan ɗaya. Maganarsa kuma ku duka kun haddace ta: "Tsaya in auna."

Me bai auna ba, jama'a? Ya auna kifi a kasuwa, ya auna yadi a hannun tela, ya auna kunyar gonar maƙwabci ba a tambaye shi ba. Ina tsaye ya tare mai burodin unguwarmu, ya ɗora kara a kan burodi.

"Burodin ga ya rage yatsa biyu tun azumin bara."

"Wallahi Baba bai canza ba."

"To ashe karana na yat tsiro."

Shi ya sa mutane kan ce Baba Nomau yana da kara a hannu, amma ba shi da kara a baki. Ni ma haka na ɗauka, har sai da aka zo gyaran kicin da banɗakin Inna.

Inna ita ce matarsa, kakarmu, sun haura shekara hamsin tare. Dama gwiwoyinta sun daɗe suna ba ta wahala. Wata rana bayan ƙaramar sallah ta zame a makewayi, ta kasa tashi, sai da matar maƙwabci ta jiyo ta. Ba ta karye ba, amma labari na isa Sakkwato sai ga Kawu Bello, babban ɗansu, ya zo da mota. Ya ce tafiya zai yi da ita, can akwai masu kula da ita. Inna ta sa kuka. Kowa ya san Baba ba zai bar gonarsa da masallacinsa ba, don haka tafiyar Inna rabuwa ce kawai. Da ƙyar aka tsaya a kan magana ɗaya: Kawu zai sa a gyara kicin da banɗaki, zai dawo da babbar sallah. In ya tarar Inna tana iya wanka da girki da kanta, ta zauna. In ba haka ba, ta shiga mota.

Aka juya wajen Baba a ji ta bakinsa. Ya taɓe baki ya ce, "Tsohuwag ga in ta tahi, ni hutawa za ni yi da surutu."

Amma washegari na gan shi ya zare wani kara daga danga, ba lokacin canjin kara ba. Bayan mako guda sabon karan yana da tsaga uku kacal, ba wanda ya san na mene ne.

Da yake ni nake koyarwa a nan cikin gari, ni Kawu ya ɗora wa neman ɗan kwangila. Wayyo ni! Da na san abin da ke gabana da na ce ina da jarrabawa.

Na farko da na kawo mai mota ne, takalminsa sai ƙyalli. Yana shiga kicin ya toshe hanci, ya shuri duwatsun murhun Inna da tsinin takalmi, ya ce duk wannan tarkace zubarwa za a yi. Baba ya miƙe. Ya je ƙofar zaure ya gitta kara.

"Tsaya in auna." Ya duba ƙofa, ya duba mutumin. "Madalla. Ƙohwag ga ta ishe ka hita."

Na biyu kuwa mai fara'a ne, kowace magana amsarsa ɗaya.

Baba ya ce, "Ina son ruwa shi hau tanki da kainai, ba inji ba guga."

"Ba matsala, Baba."

"Hayaƙi kuma shi hita ta ƙasa."

"Ba matsala."

Baba ya dube ni. "Malam, raka shi. Wanga ko gidan ya rushe muna bisa kai, ba matsala za shi ce."

Na uku shi ne Ɗanbala, wani gajeren magini daga Bukkuyum. Ya zo a kan mashin, ƙura har gira, fensir a bayan kunne, tef ɗin awo a aljihu. Baba ya maimaita masa zancen ruwa mai hawa tanki da kansa. Ɗanbala ya kalle shi sama da ƙasa.

"Baba, in ka samu mai yin wanga aiki, ka hwaɗa min in koma yaronai."

"Yauwa," in ji Baba. "Wanga na. Ya iya gardama."

Ya kuwa iya. Shekarata talatin da biyar a lokacin, ban taɓa ganin mutum biyu da suka dace da juna wajen musu irinsu ba.

Faɗan farko a kan tayil aka yi. Kawu ya turo hoton wani fari fat mai sheƙi a waya. Ɗanbala ya kawo samfuri huɗu, har da farin, ya jera a tsakar gida. Baba ya zagaye su, ya auna, sannan ya shige kicin ya fito da ludayi cike da miyar kuɓewa. Ya bi kowane tayil ya zuba.

"Tuɓe takalmi ka taka."

"Haba Baba! Wa ka wanka da miyar kuɓewa?"

"Taka dai."

Ɗanbala ya taka farin nan na Kawu. Kafin ka ce me, ƙafafu sun yi sama, fensir ya yi gabas, hula ta yi yamma. Ni dariya har da zama a ƙasa. Baba ko murmushi bai yi ba.

"Shekarunka nawa?"

"Arba'in," in ji Ɗanbala daga ƙasa.

"Ɗan arba'in ya hwaɗi. Ɗauke tayil ɗin ga."

Ƙarshe wani mummunan tayil mai kaushi Baba ya zaɓa, ruwan ƙasa, kai ka ce fuskar dutsen niƙa. Ana cikin haka Inna ta ɗaga murya daga ɗaki: "Wa yat taɓa min miya?" Baba ya nuna Ɗanbala da kara ya ce, "Ɗan kwangila na." Bawan Allah yana zaune cikin yauƙi, sai zare ido yake yi.

Babban rikici kuwa tsaga ukun nan ne. Hoton Kawu ya nuna kicin irin na birni, kanta har ƙugu, a yi girki a tsaye. Baba ya kafa sabon karansa a ƙasa ya yi bayani. Tsagar sama, nan za a bi da ƙarfen dafawa a bango, daga ƙofar ɗakin Inna har cikin banɗaki. Ta tsakiya, nan kantar girki za ta tsaya. Ta ƙasa kuma tsawon duk wani wurin zama ne, dakalin kicin, dakalin wanka, har masai. Ya jingine karan a wurin aiki, ya ce da shi za a yi awo.

Ɗanbala ya ja tef ya gwada, ya riƙe kai.

"Baba, kantag ga ko akuya ta hau ta ci tuwo. Sunana za shi ɓaci har Anka."

"Sunanka za a girka bisa?"

Ranar Juma'a Baba ya tafi masallaci da wuri kamar yadda ya saba. Ɗanbala ya yi wuf ya ƙara wa kanta yatsa huɗu, ya shafe sumul. Baba ya dawo, ko hula bai cire ba ya ɗauki kara.

"Tsaya in auna."

Ya kafa kara a jikin kantar, ya juyo ya dubi Ɗanbala.

"Baba, siminti na yat tashi."

"Awa ƙullin waina? To shi kwanta."

Sai da aka fasa. Ran nan Ɗanbala ya tattara cebur da cokalin gini ya ɗaure a mashin, ya ce ya bar aikin. Saura kwana goma sha biyu sallah, banɗaki ko ƙofa babu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk wasan jika da kaka da ke tsakaninmu ban taɓa ɗaga masa murya ba, amma ran nan na ce, "Baba, taurin kanka shi zai sa a tafi da Inna!" Ya dube ni, ya shige zaure. Har yau in na tuna kallon nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Na bi Ɗanbala har bakin tasha ina roƙo. Ya dawo, ya ce don Inna ya dawo da tuwonta, ba don mai kara ba. Washegari yana kankare tsohon bangon ƙasa zai yi shafe, sai ya ƙwala mini kira.

"Malam, zaka ka gani."

A jikin bangon, daga ƙofar ɗakin Inna har makewayi, akwai wani layi baƙi-baƙi mai maiƙo. Sawun hannu ne. Nan Inna take dafawa shekara da shekaru in za ta zagaya, mu kuwa kullum muna wucewa ba mu lura ba. Ɗanbala ya ɗauko karan ya kafa. Tsagar sama ta zauna daidai kan sawun. Ya je wajen tsohon turmin da Inna ke kifewa ta zauna a kai, wanda take iya tashi daga kansa ba sai an kama ta ba. Tsagar ƙasa ta zo daidai. Ta tsakiya bai ma auna ba. Ya zauna a kan turmin, ya riƙe muciya kamar mai tuƙi, ya dubi inda tukunya za ta kai. Ya naɗe tef ɗinsa ya sa a aljihu, ban ƙara ganin ya fito da shi a gidan ba.

Da Baba ya shigo, Ɗanbala ya ce a hankali, "Baba, ashe awon Inna na."

Baba ya haɗe rai. "Awon wa? Siminti nika tattali. Abin da bai yi tsawo ba bai cin siminti. Yi aikinka!"

Ya yi kuwa, kwana tara ya gama komai.

Kawu Bello ya iso jajibirin sallah. Yana leƙa kicin ya fashe da dariya. "Mi na wanga? Kicin na 'yan firamare?" Can sai Inna ta fito daga ɗaki, ta dafa ƙarfe, ta bi bango a hankali har banɗaki, ta rufe ƙofa da kanta. Ta fito da alwalarta, ta zauna a dakalin kicin, ta kunna gas, ta tuƙa tuwon dawa na mutum goma ba wanda ya riƙe mata ko muciya. Kawu ya ci malmala biyu bai ƙara zancen firamare ba. Ranar komawarsa nama da buhun gero kawai aka sa a mota. Baba ya raka shi har ƙofa, ya gitta masa kara a ciki.

"Tsaya in auna. Ka ƙaru. To mai tuwo tana nan, in kana so ka riƙa zakuwa kana ci."

Shekara uku suka ƙara tare a gidan nan, suna faɗan gishiri da faɗan rediyo kamar yadda suka saba. Bara, wata Laraba da hantsi, bayan 'yar rashin lafiya ta kwana huɗu, Baba ya cika.

Kun san in za a tafi haƙan kabari, da kara ake auna mamaci. Wani maƙwabci ya shiga neman kara, ya ga mai tsaga ukun nan a jingine a ƙofar kicin, ya ɗauka. Inna ta ɗago kai.

"Aje wanga. Wanga nawa na. Ku ɗauki tsohon."

Da tsohon aka auna shi. Karan ya ɗara shi da 'yan yatsu. Ɗanbala, wanda ya taho tun daga Bukkuyum a kan mashin don jana'iza, yana share ido ya ce, "Da shina iya magana da ya ce a rage."

Bayan kwana bakwai na zauna wajen Inna a kicin, na ce mata ashe ta sani.

"Yo ni makauniya ta? Kwana bakwai shina bi na da kara awa mai kiwon akuya. In na tashi bisa turmi shi lallaɓo shi auna. In na waiga shi yi awa mai korar kaji."

"Kin faɗa masa kin gani?"

"Haba, ɗan nan! In ba shi kunya?"

Tana nan a gidanta har yau. Tana dafa ƙarfenta, tana tuƙa tuwonta, karan yana jingine inda hannunta ke kaiwa, ba ta yarda ko jika ya taɓa shi. Ni kuwa na janye maganar da na daɗe ina yi. Mutumin nan yana da kara, ɓoye ta kawai yake yi.

Allah ya jiƙan Baba Nomau, ya yafe masa, ya yalwata masa kabarinsa fiye da abin da kara zai iya aunawa. Ranar da za a ce masa shi ma ya tsaya a auna, ya Allah ka sa tsaga ukun nan su yi nauyi a ma'auninsa. Amin.