Jitar Babana da Shinkafar Arba'in

Kafintan da ke bayan gidana yana da wata ɗabi'a. In guntayen katako suka taru masa, sai ya banka musu wuta. In tsurar katako ne, ba ruwana. Amma in akwai mai fenti a ciki, warin na shigowa ta taga nake ajiye duk abin da ke hannuna. Jikokina sun ɗauka hayaƙin ne ke taɓa mini ƙirji. Ba ƙirji ba ne. Warin ranar da Baffa ya ƙone jitar babana ne, kuma ko da yake na tsufa har haƙora sun fara yi mini sallama, raina na ɓaci kamar jiya aka yi abin.

Bari in gaya maka ko wane ne babana, don in ka tambayi yaran unguwarmu Gwallaga na yanzu sai su tsaya suna kallonka. Mu Fulani ne da suka zauna gari. Kakana ya sayar da ragowar shanunsa bayan wata annoba, ya shigo Bauchi da 'ya'yansa maza biyu. Babban shi ne Baffa, ya kama fataucin fatu. Ƙaramin shi ne babana, ya zama bakanike. Yana yawan zuwa Jos sayo kayan mota, kuma a can, wajen masu haƙar kuza, ya ji faifan garmaho na wani sabon kiɗan samarin Turawa, mai zafi, mai sa ƙafa motsi ba da izinin mai ita ba. Ina da wayo ranar da ya sauko daga mota da jita rataye a kafaɗa, Inna ta riƙe baki tana cewa wannan wane irin molo ne mai ƙugu.

Da yake hannunsa ba ya zama, bai bar ta yadda ya sayo ta ba. Ya yi ta ƙulle-ƙullen wayoyi har ya haɗa ta da batirin mota da wata tsohuwar lasifika. Duk Asabar bayan la'asar sai ya kafa kayansa a tasha, in ya taɓa waya ɗaya har tattabarun kasuwa sai sun tashi. Direbobi da yaransu, 'yan kamasho, leburorin da ke shimfiɗa hanyar jirgi, malaman makaranta, 'yan Kudu masu kantuna, kowa na nan. Kiɗan na Turawa ne a zafinsa, amma in ka kasa kunne sai ka ji molo da garaya suna tafiya a ƙarƙashi. Bai taɓa wasa wani don a ba shi ko kwabo ba, kuma ana kiran magariba yake cire waya daga batir. Ni kuwa kan akwatin batirin nake zama ina hura hanci, don kowa ya san 'yar wa ce.

Gida ɗaya muke da Baffa, shi ne babba, shi ke da zaure. Maganarsa kullum ita ce jininmu ba ya kiɗa, ƙanensa ya mai da zuriyar makiyaya maroƙa. Ko sau ɗaya bai taɓa zuwa tasha ya ji ba. In babana ya ɗauki jitar a gida zai kaɗa mana a hankali, ba batir, yana fara taɓawa Baffa zai ja takalmansa ya fice, ya bar mana tsaki a tsakar gida.

A bazarar shekarar da aka sami 'yancin kai sanƙarau ya shigo gari. Babana na ta shirin abin da zai kaɗa ranar bikin, ya ce mini wuyansa ya ƙage, kafin mako ya zagayo ya rasu. Ban taɓa ganin Gwallaga ta cika irin ranar ba. Ko mota ɗaya ba ta bar tasha ba. Manyan direbobi da ke tsorata mu da gashin baki suka zauna suna share hawaye da hula. 'Yan Kudu suka cire malafunsu suka jeru can gefen hanya, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa tana kuka tana dukan ƙirji kamar ɗanta ne. Makara kuwa kowa so yake kafaɗarsa ta taɓa. Da aka dawo daga maƙabarta, Baffa ya shimfiɗa wa abokan fataucinsa tabarmi a zaure, ya bar mutanen babana a rana. Ba su yi fushi sun tafi ba. A ƙasa suka zauna, suka yi addu'arsu, haka ma ranar uku da ranar bakwai.

Ranar sadakar arba'in aka yi rabon gado. Ba wani abu ne mai yawa ba: akwatin sifana, keke, riguna, sai jitar. Mutum uku suka nemi iso a madadin masu sauraron babana, wato shugaban direbobi, wani malamin makaranta, da Bayaraben da ke sayar masa da wayoyin jita. Ina maƙale a ƙofar zaure ina ji. Malamin ya ce babana bai taɓa yin faifai ba, in jitar ta salwanta ba abin da ya rage nasa a duniya. Akwai samari biyu da suka fara koyo a hannunsa. A sayar musu da ita ko nawa ne, kuɗin ya zama na marainiya.

Liman ya dubi Baffa ya ce, "A ba su mana, ko kuwa a ajiye wa yarinyar ta riƙa ganin abin mahaifinta."

Baffa ya ce, "Malam, abin kunyar da na haɗiye yana raye ba zan bari ya bi shi har kabari ba. Ke yarinya, ɗauko mini ita."

Ni na ɗauko ta da hannuna, wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Na ɗauka baƙin zai miƙa wa. Sai ya wuce da ita tsakar gida, inda aka ɗora babbar tukunyar shinkafar sadaka. Ya sa gatari. Wayoyin suka tsinke da wata ƙara, ya tattara guntayen ya cusa a murhu. Fentin ya kama yana tafasa, hayaƙi baƙi ya tashi. Inna tana takaba a ɗaki, ta ɗaga labule ta duba, ta sake shi. Ni kuwa na faɗi ina birgima har Goggo, matar Baffa, ta ɗauke ni.

Da shinkafar ta nuna, Baffa ya sa aka kai wa mutanen nan uku akushi guda. Shugaban direbobi ya buɗe, ya dubi abincin, ya mayar da murfi. Ya ce, "Allah ya jiƙan mamaci. Mun ƙoshi." Suka tashi. Labari ya riga su isa waje, duk jama'ar da ke zaune bakin hanya suka miƙe suka bar akusa a rufe. Karnukan unguwa ne suka yi biki ranar.

Inna mace ce mai sanyi, ko kaza ba ta kora da ƙarfi, shi ya sa ba wanda ya zaci komai. Washegari ta ce in taya ta mu mirgina turmi daga gindin bishiya zuwa jikin bangon turakar Baffa, wai can ya fi inuwa. Ta zuba gero ta ɗauki taɓarya. Mai takaba ba ta waƙa, ita ma ba ta yi ba. Amma bugun farko na gane. Akwai wani kiɗan babana da kowa ya fi so, wanda yake buɗe wasa da shi, farkonsa ne Inna ke bugawa da taɓarya, tiryan-tiryan. Na ɗauki ƙaramar taɓarya na shiga, muka yi lugude.

Baffa ya fito fuska a murtuke ya ce mene ne haka. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Daka nake yi, Yaya. Ko a bar gidan ba fura?" Ya tsaya, ya rasa ta inda zai kama, ya koma. Wa zai kai ƙarar taɓarya gaban alƙali?

Kafin damina ta yi nisa, matan maƙwabta sun ɗauka. Da hantsi in ka bi lungunan Gwallaga, gida bayan gida kiɗan babana ne ke fita daga turame. Ni kuma na kai shi dandali. Muka sa masa baiti muna gaɗa da yamma, daidai inda Baffa ke wucewa zuwa masallaci:

Mai ƙona jita, ina za ka ɓuya?
Toka ta tashi, kiɗa ya zauna.

Na sha bulala a kan baitin nan, kuma kowace bulala sai ta ƙara mini murya.

Direbobi ne suka ƙarasa aikin. Wani ya gano cewa farkon kiɗan yana fita da hon ɗin mota, shi ke nan. Duk motar da za ta bar gari sai ta ratso ta ƙofar gidanmu, ko da ba hanyarta ba ce, ta rage gudu gaban zaure ta buga. Su a wurinsu gaisuwa ce ga mamaci. Hon ba ya iya kai kiɗan ƙarshe, taɓarya ma haka, don haka farkon kawai ake ta maimaitawa, safe da yamma. Baffa na cikin ciniki sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ranar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, motocin tasha suka yi jerin gwano suka zaga gari da ganye a goshi. Da suka iso layinmu suka tsaya cak, suka buga shi gaba ɗaya. Inna ta gama takaba a lokacin, ta fito ƙofar gida ta rangaɗa guɗa. Ni ban san wani 'yanci ba ranar, abin da na sani shi ne an kaɗa wa babana kiɗansa a bikin da ya yi wa shiri, kuma Baffa na cikin ɗaki ya toshe ƙofa.

Bai kai wata daminar a gidan ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyen Tirwun, wai noma yake so. Ba wanda ya raka shi.

Na yi aure, na haihu, har na aurar, ban taka gidansa ba. Sai wata rana ɗansa ya zo ya ce jikin tsoho ya yi tsanani, ni yake kira. Na tafi. Na same shi kan tabarma ya zama ƙashi da fata, ido ya tafi. Ya lalubi hannuna ya ce, "'Yata, ki yafe mini." Na ce na yafe. Ba a hana mai mutuwa yafiya, ni ma ina neman ta wurin Allah.

Sannan ya ce, "Abin nan bai bar kaina ba. Ko salla na tayar sai ya biyo ni. Amma kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, ban taɓa jin yadda ya ƙare ba. Ke kin sani. Ki rera mini ƙarshen ko na huta."

Na sani kuwa. Bayan zafin farkon, kiɗan yakan lafa, ya koma wata murya siririya mai ja. Babana ya taɓa gaya mini inda ya samo ta: busar sarewar kakana ce, wadda yake kiran shanu da ita in rana ta yi sanyi, lokacin babana da Baffa suna yara a ruga. Abin da Baffa ya kira zubar da mutuncin zuriya, muryar ubansa ce a ciki. Da ya zauna sau ɗaya ya saurara har ƙarshe, da ya gane ta tun kafin a kai rabi. Na dubi hannun nan da ke riƙe da nawa, hannun da ya ɗaga gatari, na ji ƙarshen kiɗan ya taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye shi.

Na ce, "Baffa, Allah ya ba ka sauƙi." Na zare hannuna na fito. Bai kwana biyu ba ya cika.

Yanzu duniya ta canja. Samari na kaɗa jita a gidan biki ba mai cewa sun zubar da jinin kowa, cikin jikokin Baffa ma akwai mai yi. Bara wata jikata ta zaunar da ni na rera kiɗan tun daga farko har ƙarshe, ta ɗauka a wayarta, wani abokin karatunta ya bi shi da jita. Sun ce mutane na ji har a garuruwan da ban san sunansu ba, wasu na rubuta addu'a ga babana. Yarinyar ta tambaye ni ko ban yi nadamar abin da na yi wa tsoho a Tirwun ba. Na yi tunani sosai kafin in ba ta amsa, don ba na son in yi ƙarya a wannan shekarun. Yau duk wanda ya ga dama sai ya danna waya ya ji kiɗan babana har inda sarewar ta ƙare. Mutum ɗaya ne ya roƙa bai samu ba, kuma ni na hana shi.