Kifin da na rasa a tekun Dubai

Zaren ya shiga naman yatsuna, kifi na ja, jirgin ruwa na tafiya.

A nan ba a tsayawa wuri ɗaya. Ƙugiya ake saki a baya, jirgi na janta a hankali. Ni kuwa ɗan Yawuri, da kifi ya cafka sai na manta da sandar kamun kifin, na naɗe zaren a hannu kamar a gida.

Abokina Sabi'u ya zaro wuƙa.

Na ce, "Kar ka yanke! Wallahi babba ne!"

Ya daka min tsawa: "Malam, kifi ko yatsu?"

Ina cikin tunani ya yanke.

Hannuna na nan a ɗaure, kuma har yau ban gama yafe masa ba. Da ku ne, me za ku ce masa?