Turumbar da Na Sa wa Yaya

A Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji ta Khartum, inda na ƙarar da ƙuruciyata a ƙarƙashin motocin mutane, duk kayan gyaran da ka nema sai mai shago ya tare ka da tambaya: "Asli ko tijari?" Asli shi ne na kamfanin da ya ƙera motar. Tijari kuwa kwaikwayo ne, Allah kaɗai ya san inda aka buga shi, wani ya yi maka shekara uku, wani ko sati ba zai rufa ba. Shi ya sa in bakanike ya gama aiki yakan miƙa wa mai mota abu biyu: tsohon ƙarfen da ya cire, da kwalin sabon da ya sa. Kwalin nan shi ne shaida. Abin da masu mota ba su sani ba, a bayan garejinmu akwai buhu guda cike da kwalayen asli, babu komai a cikinsu.

Ni ina cikin masu cika bakin cewa ƙarfe ba ya yi mini ƙarya. In ɗauka in auna a tafin hannu, in ƙwanƙwasa shi da sifana, in ce wannan tijarin ya fi asli. Sau da yawa nakan dace, kuma dacewar ce ta ƙarasa lalata ni.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke riƙe da gidanmu na Umdurman tun rasuwar Baba. Da boksi yake neman abinci, wato a-kori-kura, yana ɗebo jan bulo daga Aljirif yana kai wa masu gini. Mutum ne mai sanyin da har haushi yake ba ni. Ni a taɓa ni kaɗan na hau sama, shi kuwa ko ka taka shi sai ya tambaye ka ko ba ka ji ciwo ba. Bai san komai a inji ba, bai kuma damu ya sani ba. Cewa yake yi, "Ina da usta, gwanin bakanike, a gida, me ya haɗa ni da buɗe bonet?"

Wata huɗu kafin yaƙi turumbar motarsa ta mutu, famfon nan da ke cikin tanki yana tura fetur zuwa inji. Aka jawo masa ita gareji. Ya danƙa mini kuɗi ya ce, "Asli, ka ji ko? Gara in sha zafin sau ɗaya." Ran nan babu asli a layinmu, sai an ƙetara kogi zuwa Bahri. Na dubi rana, na tuna cunkoson kan gada, na ce ba da ni ba. Na sayi tijari a shagon da ke jikinmu, na auna ta a hannu, na gamsu da kaina. Na ɗaura, bugu ɗaya motar ta tashi. Sai na zagaya baya na zaro kwali daga buhu, na goge shi da gefen riga. Da ragowar kuɗin na sayi cinyar rago na kai gida. Yaya ya ci har da suɗe yatsa, ya ce Allah ya ƙara mini buɗi. Kwalin kuwa ya ninke shi ya adana a aljihun mota tare da takardunta.

Sau biyu bayan haka motar ta yi masa gardama da safe. Na ce fetur ne mai datti, na aike shi ya kawo mini ruwa, kafin ya dawo na yi wa tankin duka biyu da dutse turumbar ta farka. Na san me wannan ke nufi. Na ce sai bayan Sallah in canza ta ba tare da ya sani ba.

Sallar ba ta same mu yadda muka zata ba. Yaƙi ya faɗo cikin azumi, aka rufe Mantiƙa, muka zauna a gida muna jin ƙarar manyan bindigogi. Ba a jima ba 'yan bindiga suka fara bi gida gida suna kwashe motoci, boksi kuwa ita suka fi ƙwallafa wa rai. Sai mutanen unguwa suka ɓullo da dabara: kowa ya cire wani abu daga motarsa ya ɓoye, wani batir, wani fis, don in an zo ta ƙi tashi. Dabarar ba ta yi sati biyu ba suka gane ta. Daga nan duk motar da ta ƙi tashi, mai ita za a kama a yi ta jibga har ya fito da abin da ya cire. Maƙwabcinmu ya binne batirinsa a bayan ɗaki, da farcensa aka sa shi ya tono shi, bayansa duk sawun bulala.

Da Yaya ya ga haka sai ya tara mu, ni da matarsa. Ya rataye makullin a ƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Kada kowa ya taɓa motar nan. Duk wanda ya zo a miƙa masa. Ƙarfe ne, ba za a zubar da jinin kowa a kansa ba." Ina zaune ina jinsa. Nan ya kamata in yi magana, ban yi ba, don kunya ta fi ƙarfina.

Da hantsi suka zo, su huɗu. Ba su ƙwanƙwasa ba, da ƙafa suka buɗe ƙofar. Matar Yaya ta ja yara ɗaki. Yaya ya yi musu sallama kamar baƙin arziki, ya ciro makullin ya miƙa wa babbansu da hannu biyu. Hannun mutumin na fara kalla, na ga baƙin mai a ƙarƙashin faratansa da tabon ƙunar salansa a wuyan hannu. Nan take na san ɗan sana'armu ne.

Ya shiga ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake. Ya fito ya duba batir, ya zaro fis ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa sama. Ya sa wani ya murɗa masa, shi kuma ya kara kunne a tanki, babu motsi. Na rarumi dutse na faɗa ƙarƙashin motar ina dukan tankin kamar mahaukaci, sai ɗayansu ya finciko ni ta ƙafa ya taka mini wuya.

"Ya zol, kai mutumin nan, me ka cire?" in ji babban, yana duban Yaya.

"Wallahi ban cire komai ba."

"To turumba ce ta mutu?"

"Ba za ta mutu ba," in ji Yaya. "Sabuwa ce, asli. Ƙanena ne ya sa ta da hannunsa, ga shi nan, usta ne. Duba aljihun motar ka ga kwalinta."

Mutumin ya ciro kwalin, ya buɗe, ya karkata shi ga rana tambarin ya yi walƙiya. Ya ce, "Asli ba ta mutuwa haka kawai. Ke nan wata waya kuka cire." Ya ɗaga wa yaransa gira.

Da bulala suka fara. Rigar Yaya ta yage, jini ya biyo ta, yana faɗin bai cire komai ba. Suka kayar da shi, aka yi ta ƙwallo da haƙarƙarinsa. Duk sanda aka tsaya aka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: asli ce, ƙanena ba zai sa mini tijari ba. Kowace faɗa kuwa ƙara tabbatar musu take yi cewa akwai abin da aka ɓoye. Ni ina kwance, takalmi a wuyana, bakina lafiya lau. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A tsakar gidanmu ba haka aka yi ba.

Sai suka ja shi zuwa bayan motar, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan ƙarfen bodi. Babban ya juya bindigarsa ya sauke gindinta a kan yatsun. Na ji ƙarar ƙashi. Yaya ya yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa daga bakin babban mutum ba. Aka sake saukewa. Sai a ɗagawa ta uku na buɗe baki.

"Tijari ce, ya usta. Ni na sa. Kwalin daga buhu a bayan gareji na ɗauko shi."

Ya tsaya, bindiga a sama. "Ciro ta in gani."

Ban taɓa sauke tanki da sauri irin na ran nan ba. Fetur na zuba mini a fuska, Yaya na nishi taku biyu daga inda nake. Na miƙa turumbar. Mutumin ya ɗora ta a tafin hannu ya auna, ya ƙwanƙwasa ta a bakin bindiga ya saurara, daidai yadda nake yi. Sai ya tuntsire da dariya.

"Wannan ka sa wa ɗan uwarka?"

Ya maka mini ita a baki, haƙora biyu suka zube. Suka wurga tankin a bodi, suka ɗauko igiya daga motarsu suka ɗaure tamu suka ja. Ashe igiyar tana nan tun farko.

Babu asibitin da za a iya kaiwa a lokacin. Wani tsohon maɗori ne ya ɗaure hannun, ya warke a karkace, yatsu uku ba sa lanƙwasawa. Hannun da ya ciyar da gidanmu shekara da shekaru yanzu ko cokali ba ya riƙewa. Na so Yaya ya zage ni, na so ya mare ni da hagun da ta rage masa. Na durƙusa na roƙe shi gafara ina kuka, ya ce, "Tashi, ya wuce." Bai ƙara tayar da zancen ba, kuma na tsani wannan sanyin nasa fiye da kullum.

Bayan wasu watanni muka koma wajen dangi a arewacin Umdurman. Hannun yakan tashi da zogi, magani kuwa sai a kan tebur a kasuwa, don an wawashe shagunan magani. Wata rana na sha rana tun safe har azahar kafin na samo masa ƙwayoyin da aka rubuta. Na shigo da murnata na miƙa masa. Ya karɓa da hagu, ya juya kwalin, ya daɗe yana kallonsa. Sai ya kira matarsa ya ce, "Kai wa maƙwabcin nan da ya yi aikin asibiti, ya buɗe ya duba mana abin da ke ciki."

Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Sannu da rana. Zauna ka sha ruwa."