Ranar da Inna Ta Faɗi Sunan Mijinta

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata, kuma wata 'yar takarda ce ta dawo mini da ita sabuwa fil. 'Yata Hadiza, wadda take koyarwa a Yelwa, ta zo gidana a Gwallameji da labarin cewa yanzu akwai dokar da ta ba kowa damar rubuta wa hukuma, har da 'yan sanda, ya nemi a nuna masa abin da ke cikin littattafansu. Ta miƙo mini fom tana ta zuba bayani kamar tana gaban ɗalibai. Na ce, "Malama, sassauta. Kakarki ta yi wannan tun ba a haifi dokar ba, kuma ko sunanta ba ta iya rubutawa."

Mu Fulani ne da suka zauna gari. Baba ya gina gida a Gwallaga, 'yan shanunsa kuma suna ruga a bayan gari wajen ƙaninsa. Mutum ne da magana take yi wa tsada, sai ya wuni bai ce uffan ba in ban da sallama. Wata damina, 'yan shekaru kafin a samu 'yancin kai, mutanen kasuwa suka gan shi riƙe da igiyar wata karsana, ɗan doka ɗaya a gaba, ɗaya a baya, sun nufi caji ofis. 'Yan doka su ne 'yan sandan En'e na wancan zamani, kuma ba a cika ganin mutum a tsakiyarsu don alheri ba. Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa: an kama shi da saniyar sata.

Da magariba ya dawo, ya yi salla, ya ci tuwo, ya kwanta. Wani abokinsa ya tambaye shi abin da ya faru, ya ce, "Allah ya sani." Shi ke nan fa! A ganinsa, ya tsaya gaban mutane ya ce "ban yi sata ba" daidai yake da yarda cewa shi irin wanda za a iya zargi ne. Inna ma ba ta tambaye shi ba, don tambayar kanta tuhuma ce. Kowa ya riƙe kunyarsa, maganar ta ci gaba da yawo. Bayan shekara biyu zazzaɓi ya ɗauke shi, ya tafi da amsar.

A shekarar da aka samu 'yancin kai na gama makarantar midil. Turawa suna ta haɗa kaya, ana buɗe wa 'yan ƙasa guraben aiki, ni kuma ba abin da nake so a duniya irin in zama malamin dabbobi. Ana bukatar takardar shaidar hali daga mai unguwa. Dattijon kirki ne, Allah ya jiƙansa, bai wulaƙanta ni ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ɗana, aikin shanun mutane ne za a damƙa maka, kuma ka san abin da ake faɗa a kan mahaifinka. Ban ce gaskiya ne ba. Amma ban san abin da zan sa wa hannu ba." Na koma gida na kasa cin abinci. Wallahi ranar na ji haushin Baba, na ji haushin shirunsa, har na ji haushin kaina da nake jin haushin mamaci.

Inna ta ji yadda muka yi da mai unguwa. Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta fita, ta ce za ta gaisuwa. Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba. Malam Garba, magatakardan caji ofis na lokacin, shi ya ba ni labari bayan shekaru, ran da na je yi wa shanunsa allura, yana faɗa yana dariya yana share ido.

Ya ce ganin mace ta shigo caji ofis ita kaɗai, ba ƙara ta kawo ba, ba kuma kama ta aka yi ba, sai da kowa ya miƙe tsaye don mamaki. Ta ce ta ji duk wanda aka shigo da shi nan ana rubuta dalili a littafi, to ita tana so a karanta mata abin da aka rubuta a kan mai gidanta. Babban ɗan doka ya ce shi dai bai taɓa jin an yi haka ba, amma bai kuma ji an hana ba. Tunda mutumin ya rasu kuma ita ce matarsa, a duba mata. Malam Garba ya sauko da littattafai, ya kakkaɓe su, ya ce, "To Inna, yaya sunansa?"

Nan fa ake yin ta. Shekara kusan ashirin da aurensu, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. In dole ta kama, sai ta ce "shi", ko "mai gidan". Ko maƙwabcinmu da suke suna ɗaya da Baba, "mai sunan manya" take ce masa. Malam Garba ya nemi ya sauƙaƙa mata, ya ce to baban wa za a ce? Ai ni ne ɗan fari, sunana ma ba ya faɗuwa a wajenta, har ta koma ga Allah "yaron nan" nake. Sai ta shiga siffanta karsanar kamar yadda ta ji a gari: fara, mai baƙin baki, ƙaho ɗaya ya ɗan karkace. Ya ce, "Inna, littafin nan da sunayen mutane aka jera shi, ba da na shanu ba." Ta ce to ya riƙa karanto sunayen, in ya iso wurin za ta gyaɗa kai. Ya ce wannan kuma ba zai yi ba, domin kowane suna a ciki asirin wani gida ne, ita ma ba za ta so a karanta wa wata nata ba. Ta ce, "Ka yi gaskiya, Malam."

Ya ba ta shawara ta koma ta zo da ni ko da ƙanin Baba, mu faɗa a madadinta. Ta ƙi. Sai daga baya na gane dalili. Ita kanta ba ta san abin da ke cikin littafin ba. In sata aka rubuta, ta ƙudura kunnenta kaɗai zai ji, ta haɗiye, ni kuma in ci gaba da zama da shakka, wadda ta fi tabbas sauƙin ɗauka.

Ta zauna a dakalin ƙofa tun hantsi har aka kira azahar. Aka yi salla aka dawo, tana nan. Malam Garba ya ce har ya fara mayar da littattafan, sai ya ga ta tashi, ta shigo, ta juya masa baya, ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da wata 'yar murya ta ce, "Buba." Sannan ta ƙara, "Buba na Gwallaga."

Bai daɗe yana buɗawa ba ya samu. Layi huɗu ne kacal. An rubuta cewa Buba na Gwallaga ya tsinci ɓatacciyar karsana cikin shanunsa a ruga, ya jawo ta da kansa don a yi cigiya, ya gamu da 'yan doka biyu a hanya suka raka shi, kuma shi ya riƙe igiya saboda ta ƙi kowa sai shi. A ƙasa, da wani alƙalami daban, an ƙara cewa bayan kwanaki mai ita ya zo daga wani ƙauye ya karɓa, ya yi godiya. Inna ta ce a sake karantawa. Aka sake. Ta ce, "To a kwafa mini, a buga hatimi."

Mai unguwa da kansa ya karanta takardar a ƙofar masallaci bayan la'asar, da ƙarfi, sau biyu, sannan ya rubuta mini tawa. Na yi aikin dabbobi har na yi ritaya, na ci na sha, na aurar da 'ya'ya, alhamdu lillahi. Duk saniyar da na taɓa, da takardar nan na taɓa ta.

Nakan yi tunanin me Inna za ta ce da zamanin nan. Dokar za ta burge ta, na tabbata, don ta tsani a ce wa mutum "ba a yi" ba tare da dalili ba. Amma da ta ji jikokinta suna kwaɗa wa mazansu kira da suna tsirara a waya, kai, da ta toshe kunne ta yi ta salati. Ni ba na ganin laifin yaran. Kunyar da ta ƙawata gidanmu ita ce kuma ta bar sunan Baba cikin ƙazanta shekara da shekaru, ba zan ɓoye ba. Abin da nake yaba wa Inna shi ne ta san darajar kunyarta, ta kuma san ranar da ya kamata ta ajiye ta.

Hadiza ta matsa in cika fom ɗin, ko Allah zai sa ainihin littafin yana nan a wani kabad. Na cika don in faranta mata. In an samu, madalla. In gara ta riga mu, kwafin Inna yana cikin akwatina, ya yi ja, hatimin ya dusashe, amma yana karantuwa. Da na iso gurbin da aka ce a sa sunan wanda ake nema, cikin ƙiftawar ido na rubuta, sai na tsaya ina kallon haruffa huɗun nan da suka ci wa Inna rabin wuni a kan dakali.

Da ta tsufa nakan tsokane ta. In na kawo mata goro sai in ce, "Inna, wai yaya ma sunan mutumin nan naki? Na manta." Takan harare ni, ta ɗauki goronta, ta juya kai gefe tana murmushi. Sau ɗaya tak ta tanka mini, 'yan watanni kafin rasuwarta. Ta ce, "Yaron nan, ka cika fitina. Na faɗa sau ɗaya, an rubuta. Kai da ka yi boko, je ka karanta."

Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa ta da mai gidan.