Rufewar Simintin Attahir

A tashar Tawa, inda 'yan kabu-kabu ke jiran motocin ƙauye, har gobe ana ba da labarin wani magini ɗan Kalfu da ya gina rumbun da ya tashi sama. Wai ya yi ƙara kamar aradu, ya bi ta kan Barmou yana zubar da fura, kwana uku mata na tara ƙwarya, har wani jaki ya mutu don ƙoshi. Wani direba ya rantse mini da idonsa ya gani. Na ce Allah ya ƙara wa idon lafiya. Ni ina wurin, rabin labarin ma daga bakina ya fito, jakin ne kawai ba nawa ba. Rumbu bai je ko'ina ba. Inda aka dasa shi nan ya zauna daram, ya cinye abincin gida guda na shekara.

Maginin shi ne Attahir, ɗan goggona Inna Habi, ƙanwar babana. Taubashina ne, don haka ina da izinin tsokanarsa tun daga haihuwa har kabari, ba mai kai ni ƙara.

Ubansa, Allah ya jiƙansa, maginin rufewa ne, wato rumbun laka, irin manyan nan masu tumbi da ake ɗorawa a kan duwatsu a kifa masu hular ciyawa. Attahir ya tashi yana kwaɓa masa laka da ƙafa, kuma ya tsani aikin kamar yadda na tsani lakwal, wato makarantar boko. Ni na gudu daga aji biyar, shi ya gudu daga laka yana shekara goma sha tara, ya hau motar Abijan. Shekara takwas ya yi can yana ɗaukar siminti a kai, har ya iya jera bulo. Ya dawo da tabarau, da igiyar awo mai naɗe kanta, da wani ƙarfe mai ɗigon ruwa a tsakiya da ake gwada daidaiton bango da shi. Har kan tabarmar masallaci sai da ya ɗora ƙarfen nan, ya ce ta karkace. Ya auri Nasiratu, mace mai haƙuri da akuyoyi bakwai. Da haƙurin da akuyoyin duk sun yi masa rana daga baya.

A shekarar da ya dawo gero ya yi kyau, tsohuwar rufewar ubansa kuwa ta tsage. Attahir ya tara mutanen gida ya ce zamanin laka ya wuce. Zai gina masu wadda ɓera zai gani ya yi kuka, gara ta gani ta canza gari.

Duwatsun ƙasa ya fara kwashewa, ya ce aikin jahilci ne, ya zuba daɓen siminti a kan ƙasa kai tsaye. Ya tayar da bango, ya shafe shi da siminti ciki da waje har yana sheƙi. Maimakon hular ciyawa ya sa aka ƙera masa murfin ƙarfe a Tawa, ya zagaye bakin da robar taya yadda ko numfashin sauro ba zai shiga ba. Ya shafa mata shuɗin fenti. Wallahi ta yi kyau. Mutane na tahowa daga ƙauyuka su tsaya kallo, ni ma na ɗauki hoto a jikinta na tura wa wata da nake nema lokacin, na ce ofis ɗina ne.

Inna Habi ta zagaya ta sau biyu da sandarta, ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Wanga abu naka, ta ina zai sha iska?"

"Inna, hatsi ne, ba jinjiri ba."

"Ubanka ya ce rufewa numfashi take yi."

"Baba bai je Abijan ba, Inna."

Ta dube shi, ta ce to, ta koma ɗaki. Wannan "to" ɗin har yau Attahir yana jin ta a kunne.

An yi wani ruwa na ƙarshe bayan girbi, dammunan suka ɗan jiƙa. Da a rufewar laka ne, iska ta bi ta ƙasa da ta sama ta busar da su. Attahir ya taɓa zangarniya biyu ya ce sun bushe, aka loda, ya rufe, ya sa kwado.

To, a gidajenmu hatsin gandu ba a taɓa shi da rani. Maza su tafi cin rani, mata su lallaɓa da ɗan abin da suka noma a gayaunarsu, babbar rufewa kuwa sai ranar da ruwan shuka ya sauka, a fitar da iri, sauran a ci a yi noma da shi. Ko leƙawa ba a yi, don kada ido ya ja hannu. Wata bakwai abin nan yana rufe cikin rana. Murfin ƙarfe ya yi zafi ya yi gumi ya ɗiga ciki, daɓe ya jawo laima daga ƙasa, ba mai sani. Nasiratu ta taɓa cewa tana jin wani tsami-tsami in ta wuce. Ya ce ƙanshin fenti ne.

Ranar buɗewa na zo daga Barmou musamman. Ruwa ya sauka da hantsi, ƙasa na ƙanshi, kowa ya fito da sungumi. Attahir ya sa farar riga, ya hau tsani, maƙwabta sun kewaye don ya gayyace su da kansa. Ya buɗe kwado, ya ɗaga murfi.

Ni a labarina nakan ce ungulu uku sun faɗo a sume. A gaskiya ungulu guda ce kawai ta canza hanya. Amma warin, ko ni da ƙarin gishirina ban iya kai shi ba. Saman hatsin ya yi fari da kore kamar gemun tsoho, ƙasan ya zama baƙin kunu. Attahir ya zura hannu har kafaɗa yana neman wuri mai kyau, ya ciro, ya sake zurawa ta wani gefen. Babu ko ƙwarya guda ta iri.

Ba wanda ya yi dariya, har ni. Mutane suka sulale ɗaya-ɗaya kamar an yi rasuwa. Shi kuwa ya ƙi saukowa daga tsanin, yana tsaye da hannu baƙi, farar riga ta ɓaci. Inna Habi ta juya ta shiga ɗaki. Ta ɗauki mayafi da buhu, ta hau amalanke zuwa Barmou, ta durƙusa gaban babana, tsohuwa mai jikoki, tana roƙon iri. Na ga babana ya kau da kai don kada su haɗa ido. Sun yi shuka bayan kowa da kwana shida. Akuyoyin Nasiratu suka bi hanyar kasuwar Tawa ɗaya bayan ɗaya, ita ke jan igiyar da kanta, har damina ta ƙare. Yaran gidan sun ci tafasa da zogale har suka fara kama da su.

Attahir ya sa guduma ya farfasa rufewar shi kaɗai. Kwana huɗu ya yi, don siminti dai ya iya kwaɓa shi. Daga nan ya koma Tawa yana buga bulo. Shekara uku bai kwana Kalfu ba. In ya kawo wa uwarsa buhun hatsi, a bakin gari yake saukewa ya aika a ɗauka. In ya hango ɗan garinsu a kasuwa sai ya shige layin masu tukwane. Tabarau ya ɓace. Sunan da na laƙa masa, Injiniyan Kunu, ya bi shi har Tawa, kuma a nan ni ma ina jin 'yar kunya, amma ba mai yawa ba.

Bara Inna Habi ta aika masa cewa ƙafafunta sun gaji, kuma ta gaji da ajiye hatsinta a rufewar maƙwabta. Ya zo. Ya tattaro duwatsun ubansa daga inda ya watsar da su, ya tuɓe takalmi ya shiga laka. Tsohuwa na zaune a inuwa tana nuni da sanda: nan ya yi kauri, nan bari ya sha iska sai gobe. Ba ya cewa komai sai "to, Inna". Rufewar ta fito ƙarama, ta ɗan jingina gabas kamar mai ciwon ƙugu.

Bana da ruwan shuka ya sauka bai gayyaci kowa ba, amma ni ba a gayyatata, zuwa nake yi. Ya hau tsani, ya ɗaga hular ciyawa, ya daɗe yana shinshinawa. Ya ciro dami, ya murza zangarniya a tafin hannu, ya miƙa wa uwarsa. Ta jefa ƙwaya a baki, muka ji ta ce ƙaras. Ta ce, "Nasiratu, ɗauko ƙwarya."

Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce bari in taimake shi.

"Injiniya, barka! Amma wagga kuma ruku'u take yi? Kada ka damu, wani malaminmu ya ce a Italiya akwai hasumiyar da ta karkace tun ana gininta, har yau Turawa na tururuwa kallonta. Mu sa maka kujeru a nan, ni in riƙa yi wa baƙi bayani."

Ya sauko, ya karkaɗe hannu, ya dube ni daga hula har takalmi.

"Sule, ni na gina abu ya ruɓe, na gina wani ya karkace. Kai shekara arba'in, ko duwatsun murhu uku ba ka taɓa jerawa ba. Ɗauki sungumi ka bi mu gona, ko ka koma Barmou ka ci labari."