Matar da ta ce ba ta da ɗa

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ina koyarwa a lakwal ɗin Bande. Ban kai ashirin da biyar ba, ga wando mai kari, ga jin cewa duk ƙasar Magarya ba wanda ya kai ni sani. A ranin nan ne faɗa ya ɓarke tsakanin wasu ƙauyuka biyu a gefen Dogo-Dogo. Dukansu manoma ne masu ɗan kiwo, suna auratayya tun kaka da kakanni, amma fari ya bar musu rijiya ɗaya mai ruwa, kuma kowane ɓangare ya ce kakansa ya haƙa ta. Aka fara da cacar baki wajen shayar da dabbobi, aka ƙare da gatari da wuta. An ƙone rumbuna, an binne mutane ta kowane gefe. Sannan masu kaki suka zo suka kwashe maza a mota zuwa wani bariki da ba zan faɗi garinsa ba.

Akwai wani tsoho da muke kira likita, ko da yake allura da ɗaurin miki ne aikinsa kafin ya huta. Shi ya tara mu, mu kaɗan, ya ce bai kamata a kwashe mutane ba wanda ya san halin da suke ciki ba. Za mu bi gida-gida mu rubuta wanda aka ji wa rauni, da wanda aka tafi da shi, da wanda ba a gani ba, mu kuma leƙa barikin mu ga ko ana ba su abinci, ko ana dukansu. Ba wanda zai biya mu, kuma lokacin soja ne, mutum na iya kwana a ɗaure don ya yi tambaya. Kumandan barikin ya yarda, amma da sharaɗi: duk abin da muka rubuta a kai masa. Ya ce wanda danginsa suka ce nasu ne za a sallame shi bayan bincike. Sai dai ana raɗe-raɗin cewa ɓangare ɗaya ya ɗauko 'yan haya daga ƙetaren iyaka, don haka duk wanda ba mai shi za a tura shi babban gidan kaso a matsayin baƙo mai kisa.

Ni aka ba kaye, wato littafin rubutu, da alƙalami, saboda rubutuna ya fi kyau. Ranar da muka isa ƙauye na biyu har yanzu ana jin ƙaurin gero. Likita ya ce mini in shiga gidaje in yi magana da mata a tsakar gida, shi kuma ya tafi duba masu rauni. Amma mai gari ya riga ya sa an shimfiɗa mini tabarma a zaurensa, ya ce a kira mutane ɗaya bayan ɗaya. Rana ta yi zafi, zauren da sanyi, dattawa sun kewaye ni kamar wani alƙali. Na ji daɗin abin, na zauna.

Can wajen la'asar aka shigo da wata mata doguwa, mijinta ya rasu a cikin farin. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

Na ce, "Inna, cikin 'ya'yanki akwai wanda aka tafi da shi?"

Ta dubi ƙasa. Ta ce tana da 'ya'ya mata biyu, duk suna ɗakin mazansu.

"Ba namiji?"

Ta kau da kai. Mazan da ke zauren ma kowa ya sami abin kallo a yatsun ƙafarsa. Da na sake tambaya ta ce, "Ni dai waɗannan ne nawa."

Na rubuta cewa ba wanda ya ɓata a gidan. Amma ba ta tashi ba. Har na ce mata an gama, sai ta ce a hankali, "Mushe, can inda aka kai mutane, ana ba su ruwa?" Mushe ake ce wa malamin lakwal a wajenmu. Na ce za mu duba, na kira na gaba. Washegari na kwafe takardar da kyau, na sa hannu, aka kai wa kumandan.

Sai bayan kwana goma aka bar mu muka shiga barikin, ranar Talata. Ɗaki ne mai taga ɗaya, wari ya tare mu tun daga ƙofa. An riga an sallami da yawa. A kusurwa akwai wani mutum kamar sa'ana, hannunsa na dama ya kumbura an ɗaure da tsumma. Likita ya tsuguna yana kwance tsumman, mutumin ya faɗi ƙauyensu, ya faɗi gidansu, ya ce kwana biyu da dawowarsa daga cin rani a Kano faɗan ya tashi, ba shi da wata takardar shaida. Ya ce ya gaya wa masu kaki haka har bakinsa ya gaji, suka ce mutanen gidan da yake faɗa sun ce ba su san shi ba.

Nan take na gane gidan, na doguwar matar nan ne.

Likita bai ɗago ba, ya tambaye shi, "Kai ne na fari a ɗakinku?"

Ya ce, "Ni ne, Baba."

Sai a lokacin tsohon ya juyo ya dube ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ni fa a cikin wannan al'ada na tashi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna nata ne a gaban mutane, in an tambaye ta ma sai ta kau da kai. Tawa uwar har ta mutu ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba. Na san wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu, amma da na riƙe alƙalami na manta. Mazan zauren kuwa tsoro ya rufe musu baki: mutum ya dawo daga ƙetare kwana biyu kafin faɗa, wa zai ce ya san shi?

Muka je wurin kumandan. Ba mutumin yankinmu ba ne, da tafinta yake magana da mutane, ni kuma da Faransanci. Ya jawo takarda ya ajiye gabana.

"Rubutun wa ne wannan?"

Na ce nawa ne, kuma kuskure na yi. Ya ce ba zai soke takarda mai sa hannu don fursuna ya yi magana ba, gobe wani ma zai ce ɗan gidan wane ne. In uwarsa ce, ta zo ta faɗi sunansa da bakinta ya dace da wanda aka rubuta ranar kamu. Motar babban gidan kaso za ta tashi Alhamis bayan azahar. Na so in ji haushinsa, amma da nawa rubutun yake dukana.

Laraba na ari mobileti, ɗan ƙaramin babur, na kama hanyar ƙauyen. Rairayi ya kayar da ni sau biyu, na isa wandon nan mai kari ya zama abin tausayi. Na roƙi mai gari ya bi ni bariki, ya ce shi ƙafarsa na ciwo, ba ya iya tafiya. Wannan karon na yi sallama na shiga gidan matar. Na same ta tana sussuka, ba kowa sai ita. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da cewa ni na jawo.

Ta tsayar da sussukar. Sannan ta ce, "Ka tambaye ni gaban ƙannen ubanshi. Mi kake so in ce?"

"Inna, ki gafarce ni."

"Ina da ɗiya biyu lafiya lau gidan miji. To mi ka ga ya kawo ni gabanka rannan?"

Na ce mata sai ta faɗi sunansa a gaban kumandan, in ba haka ba gobe a tafi da shi, kuma waɗanda ake kaiwa can da laifin kisa ba kasafai ake sake ganinsu ba. Ta ajiye taɓarya. Ta ce tun da ta haife shi uwar mijinta ce ta goya shi, ita ko kallon idonsa ba ta taɓa yi gaban mutane ba. Ta tambaya ko ni ba zan iya faɗa a madadinta ba, ko ta nuna shi da hannu. Na ce kumandan ya ce da bakinta. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai ce ba za ta hau bayan namiji ba, a nemo amalanken jaki.

Bayan sallar asuba muka tashi. Jakin nan ya yi ta tafiyarsa kamar ba abin da ya dame shi, ni ina duban rana tana hawa. Duk tsawon hanya ban san abin da ta yanke ba. Da muka shiga barikin an yi azahar, motar na tsaye an tayar da inji. Mutum uku ne a bayanta, an haɗa ƙafafunsu da igiya, ɗan matar ne na tsakiya. Likita na tsaye a gefe, ga masu kaki, ga mutanen gari da suka taru kallo.

Kumandan ya fito da takarda a hannu. Tafinta ya ce, "Iya, akwai ɗanki cikin waɗannan?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ba ta dubi motar ba.

"An ce ki faɗi sunanshi."

Direba ya taka mai, hayaƙi ya turnuƙe. Kumandan ya dubi agogonsa, ya fara ninke takardar. Na buɗe baki, likita ya damƙe mini hannu har na ji zafi.

Sai muryar mutumin ta fito daga bayan mota. "Ranka ya daɗe, a ƙyale ta. A tafi da ni, kar a sa ta."

Nan take ta ɗago kai ta kira sunan. Ba a hankali ba, da ƙarfi, yadda ake kiran wanda ya yi nisa a gona, muryarta ta tsage a tsakiya. Mutanen da ke kallo suka sunkuyar da kai. Ƙaton mutumin nan ya kifa fuska a gwiwarsa ya fashe da kuka, shekara ashirin da wani abu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Kumandan ya duba takarda, ya ɗaga hannu, aka kwance igiyar. Da aka sauko da shi ta juya masa baya. Ni ta fuskanta, idonta a bushe.

"Mushe, ka rubuta?"

Na ce, "Na rubuta, Inna."

"Duba da kyau."

Na duba. Na ce daidai ne.

Ta ce, "To, kar a sake sa ni."

Motar ta tashi da sauran biyun. Su ba wanda ya zo.